Bayan Ganuwa: Sabbin Unguwannin Kano da Filin da Ba a Bari Ba

Yau zancen gida za mu yi, zancen Kano: birnin da ke cikin ganuwa, da unguwannin da suka tsiro a bayanta har suka fi shi girma nesa ba kusa ba.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya kammala. Da jama'a ta ƙaru, Sarki Muhammadu Rumfa, mai mulki daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau, ya kafa kasuwar Kurmi. A ƙarni na 17, zamanin Muhammadu Nazaki, aka sake ƙara mata faɗi. Abin lura a nan, magabata ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun kewaye gonaki da makiyaya da kududdufai, da duwatsun Dala da Goron Dutse. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000 ne, ya kuma ga yawancin ƙasar da ke cikin ganuwa babu gini a kanta. Dalili na farko yaƙi ne: in maƙiya sun yi wa gari ƙawanya, a sami wurin noma da kiwo. Amma amfanin filin ya wuce na yaƙi. Shi ya ɗauke ƙaruwar Kanawa shekaru aru-aru, har zuwa zamanin da dattawanmu na yau suka ga ana yanka Gwammaja ana ginawa.

Turawa suka ci Kano a 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka kafa Sabon Gari don baƙi, Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai. Fagge da ma tsohon zangon fatake ne, sai ya cika ya batse, Tudun Wada da Gwagwarwa suka biyo baya. A ƙidayar 1952 mutanen Kano wajen 130,000 ne. A ta 1963 sun kusa 300,000. Da aka zo ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka zama birnin, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso, sun tara mutum miliyan 2.8. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarun nan ya haura miliyan 4.

To ina waɗannan miliyoyi suke kwana? Cikin ganuwa ya daɗe da cika. Ƙaruwar a gefe take. Ungogo, wadda iyayenmu suka sani da gonakin gero da dawa, a ƙidayar 1991 mutanenta ba su kai 200,000 ba, amma a 2006 sun haura 360,000. Kumbotso ta kusa 300,000. Wannan lissafin na 2006 ne, kuma tun daga nan ba a sake ƙidaya a Nijeriya ba, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi. Yaron da aka haifa a Rijiyar Zaki ko Bachirawa ko Ɗanbare bayan waccan ƙidaya, yau ya kai shekarun neman aure, alhali babu shi a lissafin da ake rabon arzikin ƙasa da shi.

Mutane suna cewa baƙi ne suka cika gari. Akwai gaskiya a ciki. Farin 1973 da na 1984 sun koro mutanen karkara, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun jawo masu neman aiki, rikicin arewa maso gabas tun daga 2009 ya kawo wasu dubbai. Amma a shiga Ɗorayi ko Tudun Yola ko Kurna a tambayi magidanta asalinsu. Da yawa za su ce Yakasai, Mandawari, Sheshe, Ƙoƙi, Zango, Soron Ɗinki. 'Ya'yan cikin gari ne. Mahaifi ya rasu ya bar gida ɗaya da magada goma sha biyar, gidan ba ya rabuwa, sai a sayar, kowa ya karɓi rabonsa ya nemi fili inda kuɗinsa zai kai. Wanda ya sayi gidan kuwa, in kusa da kasuwa ne, rushe shi yake ya yi shaguna da ɗakunan ajiya. Haka Kurmi da Wambai da Kantin Kwari suke cin gidajen da ke kewaye da su a hankali. Mutum yana kwana a Mariri, sana'arsa tana Kurmi, mahaifiyarsa tana Ƙofar Mata, kullum sai ya shiga ya fita.

Yanzu mu zo kan yadda sabuwar unguwa ke haihuwa, don nan ne cutar take, nan ne kuma maganin.

Fili a Kano iri biyu ne, kowa ya san haka: awon gwamnati da awon igiya. Awon gwamnati shi ne wanda hukumar tsara birane, wadda a da ake kira KASEPPA yanzu kuma KNUPDA, ta zana shi a takarda kafin a sa bulo ko ɗaya. An fitar da titi mai faɗi, an nuna inda ruwa zai bi, an ware filin makaranta da asibiti da kasuwa da maƙabarta. Irinsa ba shi da yawa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Awon igiya kuwa, mai gona ne da dillali suke jan igiya su yayyanka, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki a matsayin shaida, shi ke nan. Yawancin sabbin unguwanninmu ta wannan hanya suka samu.

Kada mu yi saurin zagin manomin. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma in gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, amfanin gona da itatuwa da gini, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Manomin da ya ga gari ya iso bakin gonarsa ya san lissafin nan sarai. In ya jira, wataƙila a karɓe a ba shi kuɗin dawa da 'yan itatuwan ɗorawa. In ya yi sauri ya yanka, kowane fili kuɗi ne a hannu. Mai saye shi ma yana da hujja: ya gaji da haya, kuɗinsa ba su kai na awon gwamnati ba, ga fili ƙafa 50 a 50, in ma bai iya ba a raba masa biyu. Dillali la'adarsa a kan yawan filaye take. Ka ga a cikin mutum ukun nan, babu wanda zai ci riba yau in an bar hanya mai faɗi ko filin makaranta. Duk taƙin da aka bari, asara ce a idon mai gona.

Don haka ake barin lungu iya wucewar mota ɗaya. Sai gini ya fara. Na farko ya ɗan turo katangarsa, na biyu ya yi dakali, na uku ya haƙa ramin masai a waje, na huɗu ya fitar da shago. Cikin 'yan shekaru, hanyar da aka bari ta koma ta kura da babur. Ba wanda ya yi niyyar cutar da unguwa a cikinsu, kowa taƙi ɗaya ya ci. Amma ranar da gobara ta tashi, motar kwana-kwana a bakin titi za ta tsaya. Ranar da naƙuda ta kama mace da tsakar dare a watan Agusta, sai dai a tallafo ta a cikin taɓo har inda adaidaita sahu zai iya isowa.

Wasu kan ce ai cikin gari ma lunguna ne. Haka ne, amma lungun Ƙoƙi da na Alfindiki an yi su ne zamanin ƙafa da jaki da doki, kuma ƙuncinsu yana ba da inuwa. Waɗanda suka yi su sun bar filin kasuwa, sun bar ƙofar fada, sun bar masallatai da maƙabartu da kududdufai. Mu da muke gini a zamanin tirela da motar ɗaukar marasa lafiya ba mu da uzurinsu.

Ba kuma rashin sani ba ne ya kawo mu nan. Tun farkon shekarun 1960 hukumar tsara Kano da kewayenta ta sa wani masani mai suna Trevallion ya rubuta tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya nuna inda gidaje da masana'antu da manyan hanyoyi za su kasance. Wa'adin tsarin ya ƙare tun 1983, gari kuwa bai tsaya jiran kowa ba.

Manyan hanyoyin Kano duk daga tsakiya suke fita: titin Zariya ta Unguwa Uku da Na'ibawa, titin Maiduguri ta Hotoro da Mariri, titin Haɗeja ta Yankaba, titin Katsina ta Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa har Dawanau, titin Gwarzo daga Kabuga ta Rijiyar Zaki zuwa sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai hanyar Panshekara da ta Madobi. Unguwanni sun bi gefen waɗannan tituna sun miƙe, amma hanyoyin da za su haɗa wannan titi da wancan ta baya ba su wadata ba. Mutumin da ke son zuwa unguwar da yake iya hangowa, sau da yawa sai ya shigo har gindin ganuwa sannan ya sake fita. Shi ya sa kowace safiya ƙofofi ke cushewa.

An yi aiki, ba za a ce ba a yi ba. Akwai hanyoyin kewaye na gabas da na yamma. An kafa hukumar kula da zirga-zirga ta KAROTA a 2012. An gina gadar sama ta Ƙofar Nasarawa, gadojin ƙasa na Kabuga da Gadon Ƙaya, doguwar gadar Sabon Gari, da manyan mahaɗun Dangi da Hotoro. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, adaidaita sahu ta zama ƙafar talaka. Gwamnatoci daban-daban suka yi waɗannan, kuma sun rage wahala a mahaɗun da aka yi su. Sai dai gadar sama mahaɗa take gyarawa. Tafiyar magidanci ba a mahaɗa take farawa ba, daga ƙofar gidansa take farawa, kuma kilomita ɗaya ko biyun da ke tsakanin gidan da kwalta su ne suka fi cinye masa takalmi da kuɗin mota da lafiyar 'ya'ya. Wannan guntuwar hanya ba ta gwamnatin tarayya ba ce, ba ta jiha ba ce. A doka, ta ƙaramar hukuma ce.

Hanya kuma ba ta rabuwa da ruwa. Kududdufan da magabata suka haƙa wajen ɗiban ƙasar gini su ne suke shanye ruwan damina kafin ya gangara rafin Jakara. Mun cike da yawansu da shara mun yi gini a kai, a cikin gari da wajensa. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Duk titin da aka zuba wa kwalta ba magudana, damina biyu ta ishe shi. Ruwan sha ma haka: matatar Challawa da aka gina tun farkon shekarun 1930 da ta Tamburawa suna nan, amma bututu bai kai yawancin sabbin unguwanni ba, sai burtsatse da 'yan garuwa. Gidan da ramin masansa ke dab da rijiyar maƙwabci, saboda ƙanƙantar fili, shi ne mafarin amai da gudawa.

Mu koma kan makaranta, don nan abin ya fi taɓa zuciya.

Mu ɗauka an yanka gonaki an fitar da filaye 200, kowane gida kuma yana da yara uku 'yan firamare. Yara 600 ke nan. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Wato wannan 'yar unguwa kaɗai tana bukatar wajen aji 17 da malamai 17, ban da filin wasa da makewayi da ofishin shugaban makaranta. A wane fili za a gina su, tunda duk an sayar? Makarantar da ke kusa ita ce tsohuwar firamaren ƙauyen da unguwar ta haɗiye, wadda aka gina wataƙila zamanin ilimin firamare kyauta na 1976, da 'yan ajujuwan da suka dace da ƙauye. Ita za a ɗura wa yaran. Malamai sun san abin da nake faɗa: aji ɗaya ya haura yara ɗari, na gaba suna zaune a ƙasa dab da allo, na baya ba sa jin komai, kiran suna kaɗai ya cinye rabin darasi. Malami komai ƙwazonsa ba zai duba littafi ɗari a rana ba. Yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa da Hausa ba, sai mu ce yaran yanzu ba sa karatu.

Mai hali sai ya kai nasa makarantar kuɗi, wadda sau da yawa gidan haya ne aka mayar da ɗakunan kwana ajujuwa, babu iska, babu filin da yaro zai yi gudu. Mara hali ya tura nasa tsohuwar firamare, ko ya bar shi a gida. 'Ya'ya mata su suka fi cutuwa. In ƙaramar sakandare tana da nisa, sai an tsallaka titin Katsina ko na Zariya, sai an biya kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, uba mai 'ya'ya shida zai zauna ya yi lissafi, kuma mun san wadda ake fara cirewa.

Kano gari ne na ilimi tun kafin Bature. Kowace unguwa ta cikin gari tana da soron malam da makarantar allo. Makarantar boko ta farko ta gwamnati a Arewa a nan Nasarawa Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe ta a 1909, sannan aka sami Shahuci, da Midil wadda ta zama Kwalejin Rumfa, da makarantar shari'a ta 1934 wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Duk waɗannan filaye masu faɗi aka ba su, shi ya sa har yau wasunsu suke iya ƙara gini. A 2019 gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, a watan Yunin 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Niyya ce mai kyau, kuma muna addu'ar ta ɗore. Amma ko an ware kuɗin gini, ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta ba da nata kaso, aji ba a sama ake rataye shi ba. In babu fili, sai an sayi gidajen mutane an rushe, kuma kuɗin da zai sayi gida huɗu a unguwar da ta cika, da shi za a sayi gona guda a lokacin da ake jan igiya.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, jama'armu sun iya wannan aiki in sun so. Babu sabuwar unguwar da za ka shiga ba ka tarar da masallaci ba, galibi ma har da Islamiyya. Wani bawan Allah ne ya ba da fili, matasa suka yi aikin gayya, mata suka yi karo-karo. Wannan hannun da ya san ware filin masallaci tun kafin a fara gini, shi ake roƙo ya ware na firamare da na ƙaramin asibiti da na maƙabarta. Waƙafin filin makaranta sadaka ce mai gudana, malamanmu kuma sun fi kowa sanin haka, da za su riƙa faɗa a huɗuba da wajen ɗaurin aure.

To ina ƙaramar hukuma a duk wannan?

Kafin gyaran 1976, En'e ce ke riƙe da gari. Tana da baitulmalinta da ma'aikatar ayyukanta, ita ta kawo ruwan famfo da lantarki cikin birni, ita ta gina asibitin da yau ake kira Asibitin Murtala. Tana da laifuffukanta, waɗanda su Malam Aminu Kano suka yi gwagwarmaya a kansu, amma mutum ya san ƙofar da zai buga. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi na zaɓe, aka yi ta yankawa har suka kai 44 a jihar Kano a 1996, da mazaɓu 484. Tsarin mulki na 1999 ya jera ayyukansu ɓaro-ɓaro: gina hanyoyin cikin unguwa da kula da su, magudanan ruwa, fitilun titi, kwashe shara, kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, maƙabartu, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Duk abin da muka yi kuka a kansa tun farkon shirin nan yana cikin wannan jeri.

Kuɗin fa? Kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin ɗari. Shekara da shekaru kuɗin ta asusun haɗin gwiwa na jiha suke bi, a cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya da kuɗin ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya saura shi ke isa sakatariya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce shugabannin riƙo da ba zaɓaɓɓu ba ba su da hurumin karɓar kuɗin. A Kano an yi zaɓen ƙananan hukumomi a watan Oktoban shekarar. Ko ta wace hanya kuɗin suka zo, haƙƙin kowane mai sauraro ne ya san nawa ne suka shigo ƙaramar hukumarsa a wata, tunda ana buga adadin a fili, kuma ya tambayi inda aka sa su.

Akwai wata matsalar da ko 'yancin kuɗi ba zai warware ba. Yawan jama'a yana cikin ma'aunin rabon kuɗi, ma'aunin kuwa a kan ƙidayar 2006 ya dogara. Ungogo mazaɓu 11 gare ta, Kumbotso ma 11, kamar yadda suke tun unguwannin suna ƙauyuka. Kansila ɗaya ne a Rijiyar Zaki, ɗaya a Bachirawa, ɗaya a Na'ibawa, kowannensu yana wakiltar jama'ar da ta isa gari guda. Ga kuma iyakoki da suka sarƙe: titi ɗaya, hannun dama wata ƙaramar hukuma, hannun hagu wata. Ruwan da ya taso daga Gwale a Kumbotso zai kwana, sharar da aka zuba a Dala a Fagge za ta toshe kwalbati. Birni ɗaya ne mai shugabanni takwas, da hukumomin jiha na tsara gari da na shara da na ruwa da na zirga-zirga a samansu. In ba su zauna teburi ɗaya a kai a kai ba, kowa zai riƙa nuna ɗan'uwansa da yatsa. Mu ma muna da namu: da yawanmu muna kwana a Kumbotso amma katin zaɓenmu na tsohuwar unguwarmu ne a cikin gari. Kansilan inda kake kwana bai ci ƙuri'arka ba, wanda ya ci kuma ba ya bin lungunka.

Unguwannin da suka riga suka cika, gyaransu sai da rusau da diyya da haƙuri, kuma aikin shekaru ne. Amma igiya ba ta daina aiki ba. A yau ɗin nan ana jan ta a gonakin Dawakin Kudu da Gezawa da Tofa da Dawakin Tofa da Minjibir da Madobi. Can ne har yanzu ice yake ɗanye, ana iya tanƙwara shi.

Ranku ya daɗe hakimai da dagatai da masu unguwanni, babu cinikin gona da ke tabbata ba da sa hannunku ba. Kafin alƙalami ya taɓa takarda, a nemi zanen awon. A ga babbar hanyar da mota biyu za su gifta, da wurin magudana a gefenta, kuma ta haɗu da hanyar gonar maƙwabci, kada ta mutu a jikin katangar wani. In gonakin ƙanana ne, a tara masu su biyar ko goma, kowa ya ba da ɗan kaso, a haɗa a wuri ɗaya ya zama filin jama'a. Hukumar tsara birane kuma ta sauƙaƙa wa mai gona: ta aiko masa da ma'auni, ta amince da zanensa cikin lokaci da kuɗi kaɗan, in kuma ta karɓi gona ta mayar masa da kaso mai tsoka na filayen da aka fitar. Manomin da ya tabbata ba za a cuce shi ba, ba zai yi awon dare ba.

Kai kuma malam mai sayen fili, kafin ka tambayi farashi, tambayi faɗin hanya. Ka je wurin da damina ka ga inda ruwa ke kwanciya. Ka ce a nuna maka filin makaranta da na maƙabarta. In dillalai suka ga masu saye suna juyawa saboda rashin waɗannan, da kansu za su fara barin su. In ka tashi gini, ka tsaya a kan iyakarka, ramin masai ya zauna cikin gidanka. Iyaye mata, a yi wa kowane jariri takardar haihuwa a asibiti ko ofishin hukumar ƙidaya, don da irin wannan shaida ƙungiyar unguwa za ta nuna wa hukumar ilimi yawan yaran da ke tafe. Wanda ya tare a sabuwar unguwa ya nemi hukumar zaɓe ta mayar masa da rajistarsa can.

Filin da aka samu aka ware kuma, kada a bar shi da baki kawai. Filayen jama'a da yawa sun salwanta bayan rasuwar wanda ya bayar, magada suka ce ba su san zancen ba. A rubuta takarda da sunan al'ummar unguwa, mai bayarwa da magadansa su sa hannu, dagaci da hakimi su shaida, a kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma da ofishin sakataren ilimi. A kafa duwatsun iyaka, a dasa darbejiya a kewaye, a sa allo mai ɗauke da sunan makarantar ko da ba a aza tubali ba tukuna. In da hali a tayar da aji biyu da aikin gayya, a je a nemi malamai, domin ya fi sauƙi hukuma ta karɓi makarantar da ta tarar da yara a ciki.